Na Je Dapaong Ɗauko Yayana

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Birnin Kebbi, ni da wani abokina mai walda. Masu tambayata ina na shige kwanakin baya, ga amsarku: Togo na je, kuma ba yawon buɗe ido ba. Innarmu ce ta aike ni.

Yayana, babba a ɗakinmu, mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne. Shekara biyu da suka wuce ya ɗauki hutu ba albashi, ya ce zai je ya taɓa kasuwanci a Togo, daga baya ya aiko aka kai masa iyalinsa. Yanzu hutun ya zo ƙarshe. Idan bai koma bakin aiki ba, kujerar ta tafi, fanshon ma ya bi ta. Inna ta tsufa, ƙafa ta fara gagararta, ta ce magana irin wannan ba ta waya ba ce, in je in dubi idonsa in taho da shi. Shi kuwa abokina rakiya kawai ya yi mini. Ya ce shagonsa ya fi mako ba wuta, zamansa da tafiyarsa duk ɗaya ne.

Mun bi ta Bagudo muka tsallaka Binin. A bakin iyaka na fara shan mamaki. Na miƙa wa ɗan canji damin naira da na sha wahalar cusawa a aljihu, ya miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya ina jiran ciko. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, an gama." Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, sai da aka zo kan nasa kuɗin dariyar ta ɗauke. Ina yaro, mutanen ƙasashen nan ne ke bin mu suna neman naira. Ranar nan ni ne na ninke sefa da kyau na adana a aljihun ciki kamar laya.

Daga nan Kandi, sai Faraku inda muka kwana, washegari Jugu. Motocin haya a wannan hanya ba su san an cika ba. An zuba mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, ga buhunan doya a sama har motar na tafiya a karkace. Shingayen jandarma kuwa ba a magana. Sai dai abin da na lura, a kowace tasha sai na ji Hausar gida: masu yankan farce, masu shayi, masu gyaran waya, masu tura ruwa. Da na tambayi mutum sai ya ce Argungu, ko Gusau, ko Funtuwa. Wasu da furfura a gemu.

Mun tsallaka Togo, muka shiga Sokode da yamma. Gari ne na Musulmi, ko ina ka juya masallaci, ga tuddai kore shar sun kewaye shi. Iyalin yayana suna haya a wani gida na wata dattijuwa Bakotokoliya mai Hausar zango. Da ta gan mu ta ce, "Sannunku da zuwa. Matan ɗan'uwanka ya tafi marshe, yanzu zai zo." Na ɗan rikice kafin na gane matar yayana ake nufi, kasuwa ta je. A Hausarsu mace da namiji duk "ya" ne, ba ruwansu.

An kawo mana wasa-wasa, wani abinci na garin doya mai kama da dambu, baƙi-baƙi, da mai da yaji da soyayyen wagashi, wato cukun nonon shanu. Na ci har na ji kunya. Ina cikin ci 'yar yayana ta dawo daga lakwal, wato makaranta, yarinyar da na sani tana rera karatun firamare da Turanci. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta juya ta yi wa ƙawarta magana da Faransanci, sannan ta amsa wa mai gidan da Kotokolanci. Na ajiye cokali ina kallonta.

Matar yayana ta ce ai shi yana Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Na ce wane irin kasuwanci yake yi? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Idan ka je za ka gani."

Dattijuwar nan ta ba ni wani labarin da ya ƙara ɗaure mini kai. Ta ce a da samarin ƙauyukansu Nijeriya suke tafiya noman ƙwadago, mutum ya yi shekara ya dawo da sabon babur, a yi ta guɗa. 'Ya'yanta biyu ma haka suka yi. Yanzu, in ji ta, wanda ya je sai ya dawo da ƙafarsa. Na ce to ai ku kun huta, ƙasarku lafiya lau. Ta tafa hannu ta ce, "Wane lafiya? Ɗana yana Gabon, ɗiyana yana wanke-wanke a ƙasan Larabawa. Ku kuna shigowa, namu suna fita. Ni ban san wanda yake da gaskiya ba."

Abokina kuwa tun da muka iso hankalinsa na kan wani shagon walda da ke bakin layin. Ba aikin yake kallo ba, wutar yake kallo. Washegari tun safe injin ke ƙara, ba janareta, ba a ɗauke ba. Ya ce mini shi ya gaji da zaman mota, in je Dapaong in dawo in same shi. Ban kawo komai a raina ba.

Hanyar arewa kwalta ce, amma manyan motoci masu zuwa Burkina sun cika ta. Mun wuce ta Alejo, inda aka tsaga dutse hanya ta ratsa tsakiyarsa, na yi salati da na ga tirela na shiga wurin kamar zare a kafar allura. Muka wuce Kara, muka sauka cikin fili, itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta koma irin tamu. A Mango na sayi soyayyar doya da suke kira koliko. Daga nan shingayen sojoji suka yawaita. A sauke ku, a duba katin kowa, a buɗe jaka. Wani fasinja ya raɗa mini cewa masu bindiga na shigowa ƙauyukan bakin iyaka, mutane da yawa sun baro gonakinsu sun dawo cikin gari. Na ce a raina, to me Yaya ya gudo wa?

Dapaong gari ne na kasuwa da babura. Ɗan zem ɗin da ya ɗauke ni, wato ɗan acaɓa, yana jin muryata ya ce, "Daga Kabi?" Ashe mutumin Jega ne, da can ma'aikacin banki ne kafin a rage su. Shi ya kai ni har layin 'yan hatsi.

Na wuce yayana ban gane shi ba. Ina neman mai babbar riga a bakin shago, sai na ji an kira ni da sunan da Inna kaɗai ke kirana. Na juya. Yana durƙushe kan buhun masara, da basilla a hannu, yana ɗinke baki. Singileti ce a jikinsa, ƙura ta yi masa fari har gira. Mutumin da ɗalibai ke miƙewa tsaye idan ya shigo aji, wanda ni kaina ban taɓa zama kujera ɗaya da shi ba. Wata mata 'yar ƙabilar Moba, mai ɗaurin zani har ƙirji, tana ƙwala masa kira ya zo ya duba sikeli, ya amsa da "Wi, Madam," ya tashi da sauri.

Na zauna kan wani buhu ban san na zauna ba. Da ya dawo ya rungume ni yana dariya, ya ce, "Kai, ka rame! Ba ku cin abinci ne a gidan?" Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaskiya ya faɗa. Shi ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, ni kuwa mai albashi rigata na yawo a jikina.

Aikinsa shi ne ya bi matar nan kasuwannin ƙauye, Nano da Naki-Est da sauransu, su sayo masara da waken suya, ya auna, ya ɗinke, ya sa a loda. Bayan la'asar ya kai ni inda suke zama gindin wata darbejiya, aka sayo gasasshen zabo, wanda garin ya yi suna da shi. A wurin akwai mutumin Dosso mai tuƙa tirela, da wani manomi da ya gudo daga Burkina, da ɗan zem ɗin nan. Hirarsu ɗaya ce: wace ƙasa ce ta zama? Wannan ya ce Gana, a ce masa kuɗinsu ma ya sha faɗuwa. Wancan ya ce Kodebuwa, a ce haya za ta kashe ka. Direban ya ce shi Libiya ko a kyauta ba ya komawa. Suna ta jera ƙasashe kamar masu zaɓen atamfa. Na kasa kunne har aka tashi, ba wanda ya ambaci tasa.

Da muka keɓe na isar da saƙo. Na ce, "Yaya, Inna ta ce ka dawo. Hutunka ya ƙare. Shekarun da ka yi kana aiki za su tafi a banza, ga fansho."

Ya ce, "Ka tuna watan da 'yata ta kwanta asibiti? Albashina gaba ɗaya bai sayi maganin da buhun masara ba. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, sai da na tsaya ƙofar wani tsohon ɗalibina ina murza hula. Gonarmu ta bakin daji kuma ka fi ni sanin dalilin da ya sa ba a zuwa."

Na ce, "To nan ɗin fa? Sojoji ko ina, ga mutane na gudowa daga ƙauye."

Ya ce, "Na sani. Ba aljanna na zo ba. Ana yi mini kallon baƙo, kuma gobe ana iya cewa baƙi su fita. Amma abin da na samu yau, idan na kai shi kasuwa wata mai zuwa, zai sayi abin da zai saya yau. Shi kaɗai na zo nema."

Na ce, "Inna fa?"

Nan ya sunkuyar da kai yana juya basillar a hannunsa. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ka roƙe ta ta zo. Akwai ɗaki a Sokode." Mu duka mun san ba za ta zo ba. Matar da ko Sakkwato ba ta yarda ta kwana.

Na yi kwana biyu ina yi masa magiya, bai canja ba. Ya haɗa mini atamfa da man kaɗanya da saƙon Inna, ya raka ni tasha.

A Sokode na tarar da abin da ban shirya masa ba. Abokina na tsugune a shagon nan da tabarau a fuska, yana haɗa ƙofar ƙarfe. Ya ja ni gefe ya ce, "Don Allah kada ka yi fushi. Mai shagon ya ga hannuna, ya ce in zauna. Ka gaya wa maiɗakina bayan salla zan zo in ɗauke su." Na ce, "Kai da ka zo rakiya?" Ya ce, "Na yi walda kwana huɗu a jere. Rabona da haka har na manta."

Haka na juyo ni kaɗai. Har muka shigo gida ban kula da hanya ba, ina ta shirya maganar da zan faɗa wa mata biyu. Matar abokina ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta tambaye ni ko akwai islamiyya a can.

Inna na same ta a kan tabarma. Ta leƙa bayana, ta ga ba kowa. Na faɗa mata komai, har basillar da singiletin, ban rage ba. Can ta ce, "Ya rame?" Na ce a'a, ya yi ƙiba. Ta ce, "Yaran suna ci su ƙoshi?" Na ce suna ci. Ta ce, "To, a bar shi. Amma ka gaya masa ya riƙa ajiye kuɗin mota a gefe. Ranar da aka kira shi ya taso da sauri, don ba za a jira shi da ni ba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Da ina ganin wanda ya bar ƙasarsa ko mai kwaɗayi ne ko marar haƙuri. Waɗanda na gani magidanta ne masu kunya, da suka gwammace su yi aikin ƙarfi inda ba a san su ba da su kasa ciyar da gida inda aka san su. Kuma ƙasar da suka gudu zuwa cikinta, 'ya'yanta ma gudu suke yi. Da na gama ba matata labari ta dube ni ta ce, "Kai ma tafiya za ka yi?" A da kafin ta rufe baki zan ce Allah ya kiyaye. Wannan karon sai da ta sake tambaya.