Baba a Kan Kujerar Roba

Yayana ne ya hana ni shiga ɗakin likita ranar da aka yanke shawarar canja wa Baba ƙashin ƙugu. A bakin ƙofa ya tare ni da hannu, ya ce, "Kai tsaya nan, Turanci za a yi." Na tsaya kamar ɗan dako, da furfurata da komai.

Shi ma'aikacin gwamnati ne a Dutsin-Ma, sai ya ga dama yake leƙo Kurfi. Ni da boko ya ƙare mini a aji uku, ni ke gida da tsohon. To ka saurara ka ji abin da na sani wanda ba a tambaye ni ba.

Tun ina yaro ban taɓa ganin Baba a kan kujera ba. Buzunsa na zaure, tsakiyarsa har ta sulɓe don zama. Yakan tanƙwashe ƙafafu, littafi a cinya, magidanta na zagaye da shi suna ɗaukar karatu. Da damina, in ruwa ya koro mutane daga gona, zauren kan cika da warin jiƙaƙƙun riguna da na tawada. Da bazara a fitar da buzun gindin dalbejiya. A ƙasa yake cin tuwo, a ƙasa yake sulhunta masu rigimar iyakar gona. Wani Alhaji ya taɓa aiko masa da kujera mai laushi, ya dube ta ya ce, "Ku kai wa Inna ta ɗora kwanoni."

Da ƙugun ya cinye, har ya kai ba ya iya taka ƙafar, aka kai shi babban asibiti. Aiki ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, ciwo ya tafi. Amma ta baya aka yanka, aka sallame mu da dokoki: kar ya zauna ƙasa, kar ya tanƙwashe ƙafa, kar ya duƙa sosai, don kada ƙarfen da aka sa masa ya goce.

Da muka koma a duba shi, ni na raka shi, Yaya na da taro. Ashe likitan Hausarsa ta fi tawa. Ya ce ana bi ta gaba, ana bi ta baya, kowace hanya da amfaninta da matsalarta, shi ya sa ya tambayi yadda tsohon ke zama a gida. Aka ce masa akwai kujeru, akwai gado, akwai masai na zama. Gaskiya ne, akwai. A gidan Yaya.

"Da na san malamin zaure ne," in ji likita, "da mun zauna mun yi wata maganar. Ban ce lallai da ya koma buzu ba. Amma yanzu, da shekarunsa da raunin ƙafar, ban ba shi shawarar ƙasa ba."

Sai ya nuna mini takardar da suke ba majiyyata su faɗi yadda suka ji da aikin. Yaya ya riga ya cika ta. Wai Baba ya gamsu ƙwarai.

Yau Baba na zaune a farar kujerar roba irin ta gidan biki. Ya gwada karantarwa mako biyu, ɗalibai a ƙasa suna ɗaga kai, shi yana leƙo su daga sama, sai ya rufe littafin ya ce su nemi wani. A masallaci kujerarsa na ƙarshen sahu. Bai taɓa ƙorafi ba, kuma shirun nan ya fi gajiyar da ni. Yanzu mai biro ake tambaya, ba mai jinya ba.

Na hau mota zuwa Dutsin-Ma, na sami Yaya a ofis, ban ko zauna ba. Na ce, "Yaya, ciwo ya tafi, Allah ya saka maka. Amma ka zo Kurfi ka yi azahar da mu. Ka tsaya kusa da ubanka lokacin da kowa ya kai goshi ƙasa, shi yana sunkuyar da kai a iska. In ka iya kallon fuskarsa bayan an sallame, ka sake sa hannu ka ce ya gamsu."