Yadda Baƙin Lalle Ya Juya wa Batulu Baya

A garin Sara da ke ƙasar Gwaram, in ka ce Batulu kawai, sai an tambaye ka wacce. In ka ce Batulu mai lalle, ko baƙuwar da ta zo biki jiya za ta nuna maka gidan. Katangarmu ɗaya da ita, don haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Sauran daga bakinta na ji, kuma Batulu ba ta rowar labari.

A wajen kakarta Dada ta koyi ƙunshi, irin na da: a daka ganye, a kwaɓa, a ɗaure ƙafa, a haƙura har ya kama. Da wannan aka san ta har ta haifi 'yarta ta fari, Kubra. Sai wata shekara ta je biki Kano, ta ga ana zana wa amarya fulawa baƙa wuluk a hannu, kafin a gama cin abinci har an wanke. Ta zauna kusa da mai zanen, ta yi ta kallo da tambaya. Ta dawo gida da ƙullin garin dayis, irin wanda ake rina gashi da shi, da 'yar kwalbar ruwan da ake kwaɓa shi.

Allah ya ba ta hannu, wannan ba mai musu. Kafin a yi damina biyu, daga Zandam har cikin Gwaram amaryar da ba Batulu ce ta yi mata zane ba ji take kamar an rage mata wani abu a aure. Mijinta, Malam Iliyasu, manomin riɗi ne da ke taɓa acaɓa da rani. Shi yake kai ta gidajen biki a babur, ya ajiye ta da jakarta, ya dawo ya ɗauke ta.

Abu ɗaya ne yakan ɗan faru. Jefi-jefi, bayan biki da 'yan kwanaki, sai a kawo mata amarya hannu ya kumbura, fulawar da ta zana ta taso ta yi ruwa, ganye-ganye, reshe-reshe, ba ta kauce wa layin zanen ko kaɗan ba. Batulu takan riƙe hannun ta juya shi, ta girgiza kai.

"Baki ne," in ji ta. "Zanen ya yi kyau da yawa, aka yi ta yabo ba a ce tubarkalla ba."

Wata amaryar kuma Batulu ta ce mata ai kifi da nono ta haɗa. Wata kuma ta ce mata jininta ne mai zafi. Da yake ba ta taɓa cewa ban sani ba, sai matan unguwa suka mai da ita likitar fata. Mai ɗa da ƙora a ka ta kawo, mai ƙyasbi a wuya ta zo, mai ƙazwa ma haka. Daga nesa take faɗin sunan ciwo, tana zane ba ta ko ɗaga kai sosai ba.

Nata ciwon ya fara ne daga babban yatsa da manuniya, inda take matsa ledar zane. Ƙaiƙayi ne da farko, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fatar ta yi kauri ta tsattsage. Batulu ba ta sha wahalar gano dalili ba. Akwai Zulaiha, wadda ta yi shekaru tana riƙe mata jaka har ta koyi zane, sannan ta yi aure ta buɗe nata a ɗaya ɓangaren gari.

"Ba sai an buga ƙasa ba," ta ce mini ta kan katanga. "Wa zai ci riba in hannuna ya lalace?"

Aka shiga magani. Ta jiƙa hannu a ruwan darbejiya. Ta shafa farar wuta da man shanu, gidan ya yi ta wari har kaji suka ƙaurace wa ƙofar ɗakinta. Ta yi hayaƙi. Wani mai kyamis a kasuwa ya haɗa mata man shafawa kala-kala a roba ɗaya, ya ce babu ciwon fatar da zai tsaya masa. Ya lafa na ɗan lokaci, ya dawo da ƙarfinsa, har ya haura bayan hannu.

Da azumi ya kama, bukukuwa suka tsaya, jakar zane ta koma kan ƙusa. Kafin a kai goman ƙarshe hannun Batulu ya bushe, tsagar ta haɗe, har tana tuƙa tuwo. Ta ce ai dama, wata ne da ake ɗaure shaiɗanu, aikin Zulaiha ba zai ci ba. Jajibirin salla kuwa 'yan matan Sara suka cika tsakar gidanta, ta yi zane tun hantsi har rana ta faɗi. Ranar hawan idi da ƙyar ta ɗaura ɗankwali, yatsun sun yi suntum.

"Kin gani ko?" ta ce da ni. "Ana sakin su suka dawo."

Malam Iliyasu ne ya gaji. Mutum ne mai haƙuri, amma Kubra ta yi aure, kuma tuwon da yake tuƙawa da kansa ko shi ba ya iya cinyewa. Wata safiya ya tayar da babur ya ce ta hau, Birnin Kudu za su, babban asibiti.

A layin masu ciwon fata Batulu ta samu kanta cikin sana'arta ta biyu. Ta gaya wa wani dattijo makero ne a wuyansa. Ta gaya wa wata mai jego faso ne kawai, ta koma gida ta shafa man kaɗe. A kusa da ita akwai wata amarya daga wajen Zandam, hannunta ya taso da fulawa mai ruwa. Batulu ta duba ta ce wannan zanen Zulaiha ne, ga shi nan reshen ya karkace. Amaryar ta ɗago ta dube ta.

"Inna, ai ke kika yi mini. Bikin gidan Alhaji Maikano."

Batulu ta gyara mayafi, ta ce hasken wurin ne ba shi da kyau.

Likitar mace ce, Dakta Sa'adiyya, ba ta kai Batulu shekaru ba. Batulu ta shiga da shirin ba da labarin Zulaiha daga farko, amma likitar ta riƙe hannun ta daɗe tana dubawa, tsakanin yatsu, gefen farce, har gwiwar hannu. Sannan ta fara tambaya. Wace sana'a take yi? Da wane hannu? Me da me ta shafa? Akwai mai ƙaiƙayi a gidan ban da ita?

"Hajiya, akwai lokacin da yakan yi sauƙi da kansa?"

"Da azumi ya warke tas."

"Kina zane da azumi?"

"Wa yake biki da azumi, likita?"

"Bayan salla fa?"

"Ya dawo. Ai an saki…" Sai ta ga likitar tana rubutu ba ta jiran sauran.

Aka kankari ɗan ɓawon fatar a kan gilashi aka kai ɗakin gwaji, a duba ko makero ne ko wani abu mai rai. Ba a ga komai ba. Likitar ta ce ta daina shafa haɗin mai kyamis, ta dawo wani satin da duk abin da hannunta yake taɓawa a wajen aiki. Batulu ta dawo da jaka guda: garin jan lalle, sabulun wanki, man kitso, turaren wuta, da garin dayis a can ƙasa, wanda ta ce ta kawo ne kawai don kada a ce ta ɓoye. Aka tsarma kowanne, aka ɗiga kaɗan-kaɗan a gadon bayanta, aka rufe da filasta, aka ce kada ruwa ya taɓa wurin sai ta dawo.

Tun a hanya wuri ɗaya ya fara yi mata ƙaiƙayi. Ranar da aka ɗaye filastar, ko'ina lafiya lau sai wurin nan, ya yi ja ya tashi. Wata nas ta ɗauki hoton wurin da waya ta nuna mata.

"Wanne ne aka sa a nan?"

"Dayis ɗinki ne, Hajiya," in ji likitar.

"Haba likita! Abin da na fi shekara goma ina taɓawa? Da shi na aurar da 'yata."

"Haka yake yi," in ji likitar. "Jiki yakan daɗe yana haƙuri da shi, ranar da ya ƙi kuma ya ƙi ke nan har abada. Ba don fata aka yi shi ba, don gashi ne, a gashin ma wasu ba ya yi musu. Amaren da hannunsu yake tashi, shi ne."

"Ba baki ba ne?"

"Ni dai abin da na gani a bayanki na gaya miki. Bayanki kuwa ba wanda ya yaba shi."

Aka rubuta mata man da za ta shafa safe da yamma na ɗan lokaci, da ƙwayar rage ƙaiƙayi, aka ce ta riƙa yawan shafa basilin, dayis kuma ko ƙullinsa kada ta taɓa.

Batulu ta yi kwanaki ba ta leƙo katanga ba. Da ta fito, mayafi ta ɗauka ta nufi gidan Zulaiha. Ta nemi gafarar zargin da ta yi mata, ta nuna mata hannunta, ta gaya mata duk abin da likita ta ce. Zulaiha ta saurara da ladabi, ta kawo ruwa, ta raka ta har zaure.

"Na gode, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi."

Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa Batulu, da ta ga hannunta ya mutu, so take ta kashe wa yarinya kasuwa. Amare suka koma gidan Zulaiha gaba ɗaya. Duk wadda Batulu ta tare ta ce kada ta yi baƙin lalle, sai ta ce to Inna, ta wuce ta yi.

Hannun ya yi sauƙi sosai, amma ya ƙi ƙarasa warkewa. Duk ranar wanki sai yatsun su tashi. Ta koma Birnin Kudu, wannan karon har da Malam Iliyasu a cikin ɗakin likita, yana riƙe da katinta.

"Har yanzu akwai dayis a gidanku," in ji Dakta Sa'adiyya.

"Wallahi na zubar da shi a masai, har jakar na ƙona."

"Ba mai rina gashi a gidan?"

"Mu biyu ne, likita. Ni kaina a rufe yake, wa zan rina wa?"

Likitar ta dubi Malam Iliyasu, mutumin da ya haura hamsin amma gemunsa baƙi ƙirin kamar na ango, sajensa na ƙyalli a ƙarƙashin hula. Batulu ta bi idonta da kallo. Malam Iliyasu ya shiga karanta katin da ke hannunsa, duk da a juye yake.

"Baban Kubra?"

"Ɗan kaɗan ne," in ji shi. "Ranar Juma'a kawai."

Ashe shekaru yana ɗiba daga ƙullinta, tana zaton ɓeraye ne ko awon 'yan kasuwa. Da ta zubar, sai ya sayo nasa ya ɓoye a akwatin babur. Ita kuma tana wanke hulunansa, da rigar matashi, da tsumman da yake goge fuska. A hanyar dawowa, in ji ta, tun daga Birnin Kudu har Sara ta lura yana kauce wa ramuka fiye da kullum.

Cikin 'yan makonni gemun Malam Iliyasu ya fito fari fat. Mutane suka yi ta yi masa sannu, suna tambaya ko ciwon matarsa ne ya tsofar da shi haka farat ɗaya. Samarin tasha da suke ce masa Yaya suka koma ce masa Baba. A masallaci aka fara matsa masa ya shiga sahun gaba, har rannan liman bai zo ba aka tura shi. Mata masu zuwa awon ciki kuwa suka ce babur ɗin dattijo suke so, ya fi natsuwa. Bai taɓa samun fasinja kamar bana ba, kuma bai taɓa zama cikin ɓacin rai kamar bana ba.

Hannun Batulu ya warke, sai ɗan duhu a yatsu biyu. Ta koma jan lalle, tana yanka salatif tana fitar da zane da shi, masu zuwa wajenta yawanci iyayen amare ne da masu jego. Matan unguwa ba su daina kawo mata ciwon fata ba. Yanzu takan duba da kyau, ta yi tambayoyi irin na likita, da wane hannu, tun yaushe, me aka shafa, sannan ta ce a tafi Birnin Kudu. Sun ce tun da ta yi ciwon nan iliminta ya ragu.

Makon jiya Zulaiha ta aiko a tambaya mata, wai wata ƙawarta ce take son sani, wace rana likitar fata take zama, kuma ƙarfe nawa ya kamata mutum ya isa. Batulu ta faɗi ranar, ta ce a gaya wa ƙawar ta yi sammako, ta kuma tafi da jakar aikinta gaba ɗaya don kada ta yi sawu biyu.