Ban Gajiyar da Mahaifina Ya Yi da Ƙafarsa

Shekarun baya, lokacin da ake tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Bakolori, gidanmu a Talata Mafara gidan fawa ne mai ciniki. Gari ya cika da leburori da direbobin manyan motoci, da yamma kowa sai ya nemi tsire ko balangu, mu kuwa ko sosa kai ba mu da sukunin yi. A lokacin na yi aure har da 'ya'ya biyu, na kuma ajiye tumbi irin na mahaucin da ba ya wasa da ɗanɗane. Cikin wannan hada-hada mahaifinmu ya fara ramewa.

Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koro shanu a ƙafa daga Maradun da Bakura, bai san wani abu wai shi kwanciyar rana ba. Ya ɓoye ciwon cikin har ya gagara ɓoyuwa. Muka yi na Hausa, muka yi na asibiti a nan kusa, daga ƙarshe aka tura mu Zariya aka yi masa aiki a hanji. Likita ya kira ni da yayana gefe, ya ce ciwon daji ne, sun cire abin da zai ciru, saura sai magani da addu'a. Ya ƙara da cewa idan ɗinki ya kama kada mu bar shi kwance, ya riƙa takawa kullum gwargwadon ƙarfinsa, in ya gaji ya huta. Maganar magani mun riƙe ta, ta addu'a ma mun riƙe. Ta tafiya kuwa a ƙofar asibitin muka baro ta.

Ku da kuka san mu, kun san gatan mara lafiya a wurinmu shi ne kada ya ɗaga ko tsinke. Aka yi masa shimfiɗa a ɗaki, buta a kawo, abinci a kawo, in ya motsa a ce "Baba, mi kaka so?" 'Yan dubiya kuwa sai ka ce kasuwa, har daga Jangebe da Kaya. Su zauna, su jero gaisuwa, su yi addu'a, su tashi, shi kuma yana nan inda suka tarar da shi. Kafin wata biyu ƙafafunsa sun koma kamar sillen kara. Abinci ya fita ransa, barci ya ƙi, magana ma ya rage ta.

Wata safiya ya yunƙura zai zagaya bayan gida, gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a bakin ƙofa. Yayana ya sheƙo ya durƙusa ya ba shi baya don ya goya shi. Ban taɓa ganin fuskar mahaifina kamar yadda na gan ta ran nan ba.

"Kak ka taɓa ni," in ji shi.

"Baba, kai ka kawai zan yi in maido ka."

"Ni nag goya ku, ku ba ku goya ni zuwa makewayi. Ɗauka guda ɗai tar rage min duniya, ita ko ba yau ba ta. In ranar ta zo ku ɗauka. Kahin nan ku bar ni da ƙahwahuna."

Da bango ya dafa ya je, da bango ya dawo, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Da ya zauna ya kira ni ya tambaye ni ko likita cewa ya yi ya kwanta. Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Saniyar da tak kwanta bisa hanya, in ba a tashe ta da wuri ba ta zama ta wuƙa. Ku mahauta na, kun hi kowa sani."

Yayana bai yarda ba, kuma ba don mugunta ba. Tsoronsa kada tsoho ya faɗi a waje, kuma kada gari ya ce mun gaji da jinya mun sake shi yana gararamba. Wannan magana ta biyu ita ta fi nauyi, domin a garinmu ana gudun bakin mutane fiye da faɗuwa. Mahaifiyata tana tankaɗe tana jinmu, sai ta ce, "Wai duk mutanen ga da sunka zo dubiya, an yi musu ban gajiya?"

"Inna, ban gajiya ai sai an warke," in ji yayana.

"Wa yac ce maka? Shi dai shi tai. In ga wanda za ya zagi mutum don ya zo godiya."

Haka aka fara. Ni aka ɗora wa rakiya, wai don ni ne mai jiki, in ya faɗi ya faɗo kan abu mai taushi. Da hantsi, kafin rana ta yi zafi, ya sa rigarsa da ta yi masa yawa, ya ɗauki tsohuwar sandarsa ta korar shanu, muka taka zuwa ƙofar maƙwabcinmu. Mutumin ya fito ya gan shi tsaye, ya riƙe baki yana salati. Aka shimfiɗa tabarma, aka shiga ina kwana, ina gajiya, ina jiki, ina iyali, ina dabbobi. Doguwar gaisuwar nan tamu da baƙi ke yi mana dariya a kanta, ita ta zama hutunsa. Kafin a kai ƙarshenta numfashinsa ya dawo.

Washegari gida na gaba. A hankali muka wuce unguwa, muka kai bakin kasuwa. Wata rana da muka dawo ya ce a dama masa fura, mahaifiyata ta shiga ɗaki ta yi kukanta sannan ta fito ta dama. Barci ya dawo, ba'a ma ta dawo. Ba kullum ake fita ba. Ranakun da magani ya kayar da shi, zagayen tsakar gida kawai yake iyawa, amma sai ya yi. Da ƙarfi ya ƙaru ya ce mu riƙa bi ta gefen sabuwar hanyar ruwa da aka haƙa zuwa gonaki, don ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce. Nan asirina ya tonu. Ya waiwayo ya gan ni a baya ina haki, ya ce, "Wai ni da kai, wa ad da ciwon?"

Akwai wani tsohon abokinsa daga wajen Maradun wanda ruwan madatsar ya cinye gonarsa da gidan da aka haife shi. Duk da abin da ke damunsa ya zo dubiya. Mahaifina ya ce ba zai bar wannan ban gajiyar ba. Muka hau mota, amma a tasha ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Muka tarar da mutumin kwance a sabon matsuguninsu, ba wani ciwo sai baƙin ciki. Mahaifina bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi ya tashi ya raka shi tasha, ai baƙo ba ya komawa shi kaɗai. Na bi su a baya, tsofaffi biyu suna tafe a hankali.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tafiyar ba ta kori ciwon ba. Damina biyu muka samu, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Hanyar ta fara gajercewa yadda ta tsawaita: daga bakin ruwa zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallacin unguwa, sannan zaure. Daga ƙarshe tafiyarsa duka ta koma daga shimfiɗa zuwa bayan gida. Ranar ƙarshe ma shi ya taka, hannunsa a kafaɗata. Na ji yadda yake rawa na ce ya bari in tallabe shi. Ya ce, "Kahwaɗa dai na ara. Ƙahwa tawa ta." Bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Da aka yi masa sutura, ni da yayana muka kama gaban makara. Da muka ɗaga, rashin nauyinsa ya tsinka min zuciya. Yayana ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ga ɗaukar da yac ce." Hanyar maƙabarta ta bi ta ƙofofin da ya sha zama yana godiya, kuma babu ƙofar da ba a fito an karɓi makarar ba.

Yau na wuce shekarun da ya rasu yana da su. Tumbin ya tafi tuntuni, domin tun daga lokacin ban bar takawa da safe ba. Idan na je dubiya, bayan addu'a nakan tambayi masu jinya abin da likita ya ce game da tashi da tafiya, don na san yadda ƙauna ke kwantar da mutum har ta cinye masa ƙafafu. Har yanzu in na tuna shi kewa takan kama ni sosai, amma akwai abu guda da ke sanyaya min rai. Ya roƙi abu ɗaya a wurinmu, Allah kuma ya ba mu ikon cika masa. Sau ɗaya tak muka ɗauke shi.