Malik Nawazish da Agogonsa a Hanyar Rake

"Ki rubuto mana 'yan layukan ta'aziyya, Shagufta Bibi, ke ce mai alƙalami," in ji Chaudhry Zulqarnain, sabon shugaban kwamitinmu na lafiya a majalisar lardi. "Kuma tunda kin zauna, ki cire sashe na bakwai daga rahoton nan. Mai shi ya tafi."

Mai shi kai ne, Malik Sahib. Allah ya karɓi ranka ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan la'asar, a gidanka na ƙauye. Ciwon ƙoda ne. Da zuciya ce, da 'yan jarida sun sami labari mai tsari, amma ba ka taɓa sauƙaƙa musu aiki ba.

Shekara shida ina sakatariyar kwamitin da ka shugabanta. Ka laƙaba mini "Farfesa" tun ranar da na gyara maka turancin wata wasiƙa, kuma duk sanyi sai ka aiko wa ma'aikata mazarƙwailar gonarka a ƙunshe cikin tsohuwar jarida. Da mahaifiyata ta kwanta, kai kaɗai ne cikin 'yan majalisa ka zo dubiya ba tare da mai ɗaukar hoto ba.

Bara aka kawo mana batun ƙananan asibitocin da ke buɗe toshewar jijiyar zuciya da siririn bututu, alhali ba su da likitan tiyatar zuciya. Yawanci aikin kan tafi lafiya. Ranar da jijiya ta tsage kuwa, sai a ruga da mutum birni. Ma'aikatar lafiya ta ce a bar su, muddin za a kai ga likitan tiyata cikin minti casa'in. Takardarta ta nuna daga asibitin gundumarku zuwa birnin Multan, inda likitan tiyatar yake, minti saba'in ne.

"Yaushe aka auna?" ka tambayi jami'in da ya kawo ta.

"A watan Yuni, Sahib."

"A motar wa?"

Motar kwamishina ce, da jiniya a gaba.

Ni a lokacin ra'ayina a rufe su duka, kuma ina da mujallu goma da ke goyon bayana. Ka ce, "Farfesa, ɗauko littafinki, mu je mu gani." A watan Disamba, tsakiyar kakar rake, ka kwanta a gadon motar asibiti da rawaninka, ka ɗora agogo a ƙirji. Direban ya kunna jiniya. Taraktocin da ke jan rake zuwa masana'antar sukari sun yi layi iya ganin ido, lodin kowace ya fi faɗin titi, ba inda za su kauce ko da sun so. Wani manomi ya leƙo ta taga, ya gane ka.

"Malik Sahib, lafiya?"

"Na mutu tun a gadar can," ka ce masa. "Gawa ce ke gaishe ka."

Awa uku ba minti goma muka yi. Na ce to ga hujjata. Ka ce, "'Yata, in kin rufe, duk mai ciwon ƙirji a nan sai ya bi wannan hanyar. In kin bari ba sharaɗi, mai tsautsayi ne zai bi ta, ba tare da an gaya masa ba. Ki rubuta abin da zai rage masu binta."

Abin da na rubuta shi ne sashe na bakwai: a auna hanya a kakar rake, a motar asibiti, kada a fara aiki sai mota da direba na bakin ƙofa, a faɗa wa majiyyaci da harshensa cewa babu likitan tiyata a ginin. Asibitoci huɗu cikin taran da ke wannan aiki ba za su tsallake awon farko ba sai an gyara hanyoyinsu, ga shi minista na son a ba taran duka izini kafin zaɓe.

Chaudhry Sahib ya tuna mini, cikin fara'a, cewa ɗakin ajiye tsofaffin takardu na neman ma'aikaciya, in har na ƙi cire sashen. Na yi masa godiya. Ta'aziyyar da ya nema ita ce wannan. Rahoton kuwa na kai ofishin kakakin majalisa yau da safe, da sa hannunka na ƙarshe a kai, an buga masa hatimin karɓa. Sassansa goma sha ɗaya ne, kamar yadda ka bar su.

Allah ya jiƙanka, Malik Sahib, ya yafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ya ba matarka Begum Zarqa da 'ya'yanku haƙurin rashinka, tare da mutanen gundumar da ka kwanta dominsu a bayan tarakta.

Da na dawo na tarar an riga an cire allon sunanka daga ofis. Na shiga na ɗauki littafin da na rubuta mintocin tafiyarmu a ciki, na ja ƙofar har ta rufu, na nufi matakalar da ke sauka ɗakin tsofaffin takardu.