Hular Rediyo

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Rediyo ya san abu biyu yake samu da kuɗinsa, aski da labari. Askin dai ba laifi. Labarin kuwa, wa ya yi faɗa da matarsa, ɗan wa aka kora daga makaranta, wace ce ta sayar da firjinta a ɓoye, kafin ya gama gyara maka saje ka ji su kaf. Shi ya sa aka laƙaba masa Rediyo, har sunansa na gaskiya ya bi ruwa.

Shagon ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, bencin masu jira, babban madubi a gaba, wani kuma a bangon baya don mutum ya ga ƙeyarsa. A kan kanta ga kwalaben wani mai da yake haɗawa da kansa, wai maganin sanƙo. Da cinikin man nan ya aurar da 'ya'yansa, ya sake wa gidansa rufi. In aka tambaye shi ko yana aiki, sai ya dafa hularsa ya ce, "Ni ma shi nake shafawa." Hular kuwa ba ta barin kansa ko zafi ya kai zafi, domin a ƙarƙashinta babu ko silin gashi. Kai ne fes kamar bayan cokali, kuma a saninsa daga shi sai matarsa suka san haka.

Ana nan sai ƙaramar hukuma ta fito da sabon tsari. Harajin shaguna za a riƙa biyansa ta waya, kuma kowane mai shago za a ɗauki hotonsa a buga a takardar izini, a rataye inda kowa zai gani. Sharaɗin hoton, ba tabarau, ba hula.

Benci ya ɗauki zafi. Tela, maƙwabcinsa kuma abokinsa, ya ce shi a kwashe kwatar bakin titi tukuna kafin a yi masa zancen haraji. Mai kanti ya ce gara wayar, ko ba komai ba za ta zo karɓa sau biyu tana muzurai ba. Mai gyaran waya ya rantse lambobinsu za a sayar wa 'yan talla. Rediyo dai, wanda bai taɓa damuwa da abin da hukuma ke yi ba, rana ɗaya ya zama jagoran masu kare sirrin jama'a.

"Yau hoto, gobe su leƙa aljihunka, jibi su buɗe tukunyar matarka!" in ji shi, yana kaɗa almakashi. "Mutum ba shi da sirri ke nan? Af, kun ji kuwa surukin mai kanti ya dawo gidan da zama?"

A gida matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, yaushe ka fara tausayin sirrin mutane? Kai da ko atishawa na yi sai unguwa ta ji."

Rediyo ya gyara zaman hularsa. Gaskiyar magana tsoro yake ji, tsoro na sosai. Ranar da hoton nan ya hau bango, man sanƙon ya daina ciniki, shi kuma ya zama abin dariya a wurin mutanen da ya daɗe yana yi wa dariya.

A taron da kansila ya kira, Rediyo ya yi jawabi har muryarsa ta dushe, aka yi ta tafi. Kansila ya yarda ba za a ba kowa lambobin waya ba, ya kuma yi alkawarin kwata, kamar yadda ya yi bara. Hoto kuwa ya ce ba fashi. Kowa ya tashi yana murna an ci nasara, ban da wanda ya jawo nasarar.

Mai ɗaukar hoton, wata matashiya da kyamara a wuya, ta iso shagon da hantsi, benci cike, Tela na kan kujera an aske masa rabin gemu. Rediyo ya ce ta dawo anjima. Ta ce nan ne shago na ƙarshe. Ya ce mura yake yi.

"Baba, daƙiƙa ɗaya ce. A ɗan cire hular."

Ya duba ƙofa, ya duba kwalabensa. Sannan ya rufe ido ya cire, ya tsaya yana jiran shewa. Kyamara ta yi ƙyas. Da ya buɗe ido, mai kanti na duba wayarsa, mai gyaran waya na hamma.

"Rediyo, zo ka ƙarasa min gemun nan, ina da ɗinki," in ji Tela.

"Wai ba ku ga komai ba?"

"Haba, mun gani tun kafin ka aurar da babbar 'yarka. In ka ce mu sunkuyar da kai za ka gyara ƙeya, sai ka ɗaga hula ka share gumi. Ka manta kai ka kafa madubi gaba da baya?"

Rediyo ya nuna kwalaben. "To man fa? Kuna ta saye!"

"Ai ba abin da ya kai shi maganin faso," in ji mai kanti. "Uwar yarana ba ta rabuwa da shi."

"Kuma duk shekarun nan ba wanda ya faɗa?"

Tela ya juyo da kujera ya dube shi. "Wa zai kai labarin? Kai ne mai yaɗawa a layin nan. Mu kuwa mun ga kana jin kunyar abin, sai muka bar maka kayanka."

Kunya ta rufe Rediyo, irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba ta sanƙo ba ce. Ya rataye hular a ƙusa, ya ɗauki aska.

Bayan mako guda takardar izini ta iso, ya kafa ta kusa da madubi, kai na sheƙi. Wani da ya zauna aski ya rage murya ya ce, "Rediyo, wai me ake ciki ne a gidan mai kanti?"

Rediyo ya buɗe baki, labarin na nan a kan harshensa, da ɗuminsa. Ya ɗaga ido ya ga hoton.

"Sunkuyar da kai," ya ce, "in gyara maka ƙeya."