Hannun da Ban Duba Ba: Ta'aziyyar Malam Ɗanliti Mai Hoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗanliti Mai Hoto na Ƙofar Guga, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar mako uku. An kai shi makwancinsa bayan La'asar. Ina tsakiyar darasi ɗansa Babaji ya kira ni. Na ajiye alli, na zauna a bencin ɗalibai.

Baba, da kai nake magana, ko da yake na san ba za ka karanta ba. Shekara biyu cur ban gaishe ka ba. Sau nawa na wuce ta ƙofar shagonka a Napep na kau da kai? Ba ka zage ni ba, ba ka cuce ni ba, gaskiya kawai ka ƙi ɓoye mini. Kullum ina cewa gobe zan je in ba ka haƙuri, har goben ta ƙare.

Yaran yanzu da ke da kyamara a aljihu ba su san ko kai wane ne ba. A zamaninka, duk wanda ya ɗinka sabuwar riga a wannan yanki, shagonka yake nufa. Kana da labule mai zanen jirgin sama, mutanen da ko Funtuwa ba su taɓa zuwa ba suna tsayawa gabansa riƙe da jaka. Kuma ka iya haɗi: ka yanko wannan da reza, ka manna a jikin wancan, ka sake ɗauka, ka wanke, a rantse tare suka zauna. Kai da bakinka kake cewa, "Ni tsohon maƙaryaci ne, na tuba. Shi ya sa ba a yi mini ƙarya da hoto."

Da waya ta kashe kasuwar hoto, ba ka rufe shago ba. Benci ka ƙara. Masu acaba, 'yan tireda, tsofaffin ma'aikata, kowa aka turo masa abin tayar da hankali sai ya kawo maka. Ba ka taɓa cewa gaskiya ne ko ƙarya ne kai tsaye. Sai ka gyara tabarau ka ce, "Ina rana take?" Ka sa mutum ya nemo inuwa da kansa, ya duba lambar mota, ya duba irin bishiyar wurin da tufafin mutane, ya tambayi wa ya ɗauka, kuma me aka yanke aka bar waje. Wasu na ƙosawa su ce, "Haba Baba, faɗa mana kawai!" Ka ce, "In na faɗa maka yau, gobe wa zai faɗa maka?"

Mutanen unguwa ba su manta ranar da David mai faci, mutumin Filato da ya yi shekara ashirin a cikinmu, ya ɗaure kayansa zai kwashe iyali ba. An turo masa bidiyon gidaje na cin wuta, wai an fara rikici a Katsina. Ka same shi yana ɗora katifa a mota. Ka karɓi wayar, ka tsayar da hoton, ka ce, "Dauda, wata nawa rabonmu da ruwan sama?" Ya ce biyar. Ka ce, "To duba bayan gidan nan. Masara ce ta kai ƙugu." Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke katifar. Ka zauna a ƙofar gidansa har Magariba, kana ta hira da masu wucewa, don matarsa ta samu natsuwa.

Wannan labari ne ya sa na roƙe ka ka riƙa zuwa makarantar 'yan matan da nake koyarwa duk ranar Alhamis. Ka ce kai ko firamare ba ka gama ba. Na ce ba takarda nake nema ba, ido nake nema. Ka zo da rezarka da gam da tsofaffin hotuna, ka yi haɗi a gabansu, ka ce abin da ke cin maka yini biyu yanzu waya na yi kafin a sha ruwa, har da muryar mutum. Suka sa maka suna Baba Ina-Rana. Wallahi na ga yarinyar da ta hana uwarta tura saƙon wani maganin ciwon suga, ta ce sai an san wa ya faɗa.

Sai ranar da ka ce kowa ya zo da hoto daga gida. Ni ma na zo da nawa, ina taƙama. Hoto ɗaya ne tak nake da shi ni da mahaifina, Malam Mudassir: ina jaririya a kan cinyarsa, ya riƙe ni da hannu biyu. Ya rasu a wurin aiki can Kudu ina da wata biyar. Inna, Allah Ya jiƙanta, ta ce mini ya zo gida sau ɗaya ya gan ni, ranar aka ɗauki hoton. Da shi na girma. Ranar da aka kai ni ɗakin miji, a cikin zanena na ƙunshe shi.

Da ya iso hannunka ka dube shi, ka miƙa shi gaba. Ya zagaya aji har ya kai ga Precious, ɗiyar David. Ta kai shi bakin taga, ta daɗe, sannan ta ɗaga hannu da murnar wadda ta gane darasi.

"Malama, wannan haɗi ne. Haske ya bugi jaririyar ta dama, fuskar babban kuma ta hagu."

Na yi dariya na ce ta sake dubawa. Na juyo gare ka ina jiran ka gyara mata. Da ka ce ta yi kuskure, da magana ta mutu a nan, yara arba'in za su yarda da kai. Ka cire tabarau ka ce, "Yarinya ta gani daidai."

Ban san yadda na ƙarasa wannan darasi ba. A bakin ƙofar makaranta ka tsayar da ni, ka ce, "Ɗiyata, aikina ne. Mahaifiyarki ta kawo mini hoto biyu tana kuka, ta ce ba ta son ki tashi ba ki da abin kallo. Na yi mata alƙawari ba zan fara faɗa ba. Amma ban iya ce wa yarinyar da ta yi amfani da idonta idonta ƙarya yake ba. In na yi haka, me na zo yi nan?" Na ce maka yau ka raba ni da ubana a karo na biyu. Kalmar ƙarshe ke nan da ka ji daga bakina. Alhamis ta zagayo ka zo, na sa aka ce maka an dakatar da darasin. Ka aiko Babaji da gaisuwa a Sallah ƙarama da babba, ina amsawa da "madalla" kawai.

Ranar sadakar uku na je gidanka, kunya kamar in nutse. Hajiya matarka ta rungume ni. Da zan fita Babaji ya biyo ni da ambulan, ya ce, "Anti, tun yana asibiti ya sa na nemo wannan a akwatinsa. Ya ce in kin zo a ba ki. Ya ce za ki zo."

Hoton asali ne, kafin reza ta taɓa shi. Ni ce, rigar ce, kujerar ce. Amma wanda ke riƙe da ni Baffa Shehu ne, ƙanen mahaifina, mai injin niƙa a Batagarawa, wanda ya ciyar da ni, ya kai ni makaranta a bayan kekensa, ya aurar da ni. A bayan hoton ka rubuta da ajami: "Kai kaɗai na sauya. Ki duba hannu."

Na duba. Ƙaramin yatsan hagu guntu ne, wanda bel ɗin inji ya cinye tun yana saurayi. Na koma gida na ɗauko nawa hoton, yatsan na nan, a fili, a kan cikina. Shekara talatin da takwas ina kallon fuska, ban taɓa kallon hannu ba.

Washegari na tafi Batagarawa. Idon Baffa ya yi rauni yanzu, bai ga hoton ba, sai na gaya masa. Ya ce, "Fitsari kika yi mini a ranar, rigar Sallata ce kuwa." Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na riƙe wannan hannu na daɗe ban saki ba. Na ce me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce, "Yaya bai samu ya ɗauke ki ba. Na ce to bari in ara masa hannuna."

Baba, darasin Alhamis ya dawo. Hotunan biyu nake kai wa aji, in jera su, in ce su nemo rana. Precious ta gama makaranta, na neme ta na ce mata ta gani daidai, abin da ya kamata in faɗa tun a ranar.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ɗanliti, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka sanya duk tashin hankalin da ya kashe a unguwar nan cikin mizaninsa. Ka jiƙan Inna da mahaifina, Ka ba Baffa Shehu lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da Babaji da ƙannensa, da jikoki, da mutanen Ƙofar Guga baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya sa namu ya yi kyau in ya zo.

Hajiya ta ce mini ba ka tafi da ni a zuciya ba, kuma na yarda da ita. Amma da na so in ji daga bakinka. Ka yafe mini, Baba. Na duba hannun.

Halimatus Sa'adiyya Mudassir
Kambarawa, Katsina