Fayil ɗin da na share a Kurawa

Shekara shida ke nan da rasuwar taubashina Sanusi, malamin kwamfuta a Isa, kuma har yau bai daina tsokanata ba. Ina kewarsa ƙwarai, amma in na tuna shi dariya ce ke fara zuwa.

A shekarun farin nan, rijiyar burtsatse ɗaya ta rage a yankinmu na Kurawa, ni ne kuma mai kula da ita. Layin shan ruwa da muke rubutawa a takarda ya sha haddasa rigima tsakanin makiyaya da mutanen gari, kowa na cewa an yi son kai. Sai Sanusi ya rubuta mana manhaja ya saka ta a wata 'yar na'ura mai aiki da hasken rana. Manhajar da sabarta, wato abin da ke miƙo wa waya shafi, duk a ciki suke, ba ruwanta da intanet. Ka matso da waya, shafi ya buɗe, ka ga garken wa zai sha da safe, unguwar wa da la'asar.

Wata Laraba na'urar ta ce wurin ajiyarta ya cika. Ni kuwa gwanin gyara, na shiga na share duk fayil ɗin da sunansa bai yi mini kyau ba. Gari na wayewa shafin ya ƙi buɗewa, sai wani dogon rubutun Turanci. Ardo Buba na tsaye da shanun da suka kwana biyu ba su sha ba, mata sun jera jarkoki. Nan aka fara raɗe-raɗin wai da gangan na kashe layin don in shigar da dangina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin amanar nan ita kaɗai na mallaka.

Sanusi ya iso a kan babur wajen hantsi.

"Bawana, mi kat taɓa?"

"Ban taɓa komi ba," na ce, ina kallon ƙasa.

Bai musa ba. Ya zauna yana karanta rubutun daga ƙasa zuwa sama, yadda ake bin sawun saniyar da ta ɓace. Ya ce saƙon kuskure ba zagi ba ne, kwatance ne. Shafin yana kiran laburaren tag, wato fayil ɗin da ke gaya masa yadda zai jera sunaye, sabar kuma ta duba inda aka ajiye shi ba ta gan shi ba. Ya kwafo shi daga kwamfutarsa, ya sake kunna na'urar, sunaye suka fito. Ardo Buba ne na farko, kamar yadda yake tun asali.

Ardo ya tambayi abin da ya faru. Kafin in buɗe baki, Sanusi ya amsa.

"Wani abu na yaɓ ɓace, Ardo, na maishe shi. Layin kau ba wanda yat taɓa shi, duba ka gani."

Ardo ya duba, ya kaɗa shanunsa zuwa kwamin shan ruwa.

Yanzu masu manhaja na liƙa wa waya saƙon kuskure ta ba su amsa, ba su karanta ko layi ɗaya ba. Na san da Sanusi na nan zai yi murna da saurin, sannan ya tambaye su ko wayar ta san wanda ya yi sharar.

Ruwa ya wadata bana, amma na'urar na nan tana aiki. Watan jiya ta sake cewa wuri ya cika, na buɗe cikinta a karon farko tun waccan ranar. Kusa da laburaren na tarar da fayil mai ɗauke da kwanan watan ranar da ya zo gyaran. Ciki layi ɗaya ne: "Mamman, na san kai na. Wanga ma kada ka share shi."

Na zauna bakin kwami na yi dariya har hawaye, na yi masa addu'a. Allah Ya jiƙan Sanusi. Fayil ɗin yana nan, ban share ba.